Akuyar da Ta Mutu Sau Ɗari Huɗu

A ɗakin haya, bayan Kasuwar Dole,
na gina wani Damagaram cikin na'ura.
Na dasa duwatsun Birni inda Allah ya aje su,
na shimfiɗa hanyar Tanut, na haƙa mata ramukanta
ɗaya bayan ɗaya, yadda damina ta bar su.
Sannan na saki mota,
ba direba, ba karen mota,
sai umarnin da na rubuta mata da tsakar dare.

Akwai wata jar akuya da na zana
mai tsallaka kwalta gaban gidan mai.
Daga Litinin zuwa Alhamis
ta mutu sau ɗari huɗu da shida.
Ba jini, ba mai ita da zai ci kwalata.
Ina danna maɓalli sai ta miƙe tana tuƙa,
abin da motata ta kasa.

Ran Juma'a birki ya kama a kan kari.
Na rangaɗa guɗa ni kaɗai.
Kuran ya ɗauke.

Kawu Kyari ya zo da la'asar.
Shekara talatin da ɗaya yana jan kamiyo zuwa Agadas
kafin yanar ido ta karɓe masa sitiyari.
Ya kai hancinsa dab da gilashi, ya daɗe,
ya ce: Cima, garin nan naki ya cika ladabi.
Ina ɗan kabu-kabu da ƙyauren ƙarfe a gicciye?
Ina mai ga-ruwa da kura mai jarka goma
wanda ko ya so tsayawa gangare ba zai bar shi ba?
Tsohuwa in ta ɗaga hannu,
tsaya take nufi, ko ina wuni?

Na ce motar na auna tazara sau ɗari kafin ƙiftawar ido.
Ya ce: Ita ta san kunya?
Mu da ido muke roƙon hanya, da haɓa ake ba mu.

Na jawo takarda. Yana faɗa, ina rubutawa.
Raƙumi ba ya ja da baya.
Jaki in ya kafe kunne, ya gama shawara.
Tankar matatar mai in ta sako kai, ba ta da dangi.
Ranar kasuwar Mirya, rage gudu tun daga nesa.

Sai ya yi shiru.
Shayinsa ya huce.

In kin ga takalmi ƙafa ɗaya a kwalta, ya ce,
ƙarami, na roba,
mai shi yana nan kusa.
Zai dawo da gudu ya ɗauka.
Ba zai duba ba.

Ban tambaye shi wace shekara ba,
ko wane gari.

Da wuta ta dawo na zana takalmin,
shuɗi, igiyarsa ɗaya a tsinke.
Na ɓoye yaro bayan amalanke.
Na saki motar.
Ta zo, ta gani, ta lafa, ta tsaya.
Yaron ya sunkuya, ya ɗauki abinsa, ya wuce.

Kawu ya ce: Ta tsaya?
Na ce ta tsaya.
Ya ce: Sake.
Na sake.
Aka kira magariba a masallacin unguwa,
bai motsa ba.
Ya ce: Sake.