Gurbin da Magatakarda Ya Bari

Ranar Talata na sa babbar rigata,
wadda rabona da ita tun arba'in ɗin Barira.
Mannir ya tayar da babur a ƙofar gida,
ya ce, "Baba, wai ina muka nufa?"
Na ce, "Kotu. Ja mu je."

Yana ɗan shekara huɗu aka kawo shi gidana
tare da kwalla da tukwanen uwarsa,
ya damƙe gefen zanenta,
takalminsa ɗaya ya faɗi a hanyar Ƙofar Guga.
Unguwa ta ce agola.
Ni na ce a zuba masa tuwo a kwanona.

Bana shekararsa talatin da huɗu,
furfura biyu a gemunsa, na ƙirga.
Shi ke buɗe shago,
shi ke gane ciwon keken ɗinki
tun mai shi bai gama bayani ba.
Ni idona ya daina ganin kafar allura.

Maganar ƙanena ce ta hana ni barci,
a zaure, daren da aka share makoki:
"Tunda uwar ta tafi, sai ya nemi dangin ubansa."
Ya faɗe ta yana tauna goron da Mannir ya sayo.

Alƙalin yaro ne, na girme wa ubansa.
Na ce, "Allah gafarta malam, ɗa nake so a rubuta mini.
A goge Ilu a bayan sunansa, a sa Tukur."
Ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.
"Baba, alƙalamina bai kai nan ba.
Ɗa da sunan mahaifinsa ake kiransa,
gado kuma an raba shi tun ba a haife mu ba.
Amma abin da ka bayar da ranka da hankalinka
kyauta ce, babu mai taɓa ta."

Na buɗe baki zan ja da shi,
Mannir ya dafa mini gwiwa.
"Baba, bar mini Ilu.
Motarsa ta ƙone a hanyar Jibiya,
bai bar hoto ba, bai bar gona ba,
sunan nan shi kaɗai na gada.
Kai kuwa, dubi hannuna."
Na duba.
Baƙin mai a ƙarƙashin farce,
tabon sukundireba a babban yatsa,
daidai wurin da nawa yake.

Shagon na ba shi, da ɗakin kudu,
da tsakar gida har gindin dalbejiya.
Alƙali ya ce kyauta sai da karɓa,
in miƙa masa makulli a gaban shaidu.
Makullin da ke aljihunsa shekara goma sha ɗaya!
Ya ciro, ya ba ni, na mayar masa.
Har ɗan sandan bakin ƙofa sai da ya dara.

Magatakarda ya tsaya a kan wani layi.
"Dangantaka. Me zan sa? Agola?"
Na leƙa gurbin, bai kai tsawon ɗan yatsa ba.
Ina zai ɗauki daren ƙyanda,
da rediyon da na sayar ranar kuɗin jarrabawa,
da marin da na yi masa a kan taba,
na koma ɗaki na kasa cin abinci?
Na ce, "Bar shi fari."
Ya bari. Na dangwala yatsa a ƙasa.

Mun biyo ta Gobarau ana kiran la'asar.
A hanyar nan na sha goyo shi a keke,
ina cewa ya riƙe rigata kada ya faɗi.
Ya ɗan waiwayo, iska na cinye rabin maganar:
"Baba, riƙe ni da kyau, akwai rami a gaba."

Na riƙe.