Alƙalamin Bahaguwa

Goma sha ɗaya ne a akwatin,
kowanne kwance cikin karan-miskinsa.
Daren Asabar nake buɗe su,
in ruwan Jos ya hana kowa fita,
ƙanƙara na dukan kwanon rufi a Rikkos.

Ga baƙin nan mai zoben azurfa,
an zana masa lamba a gindin hula:
sittin da bakwai cikin ɗari uku.
Ɗari uku kacal, duk faɗin duniya!
Nakan tuna masu riƙe da sauran.
Wa ke da sittin da shida? Wace ƙasa?
Ko shi ma albashin wata biyu ya zube,
ya ce wa mutan gida gwanjo ya samu?

Ga kore, launin kududdufin kuza bayan damina,
ɗaga shi a fitila ka ga ruwa na motsi ciki.
Ga ja, wanda na yi wata bakwai ina jira,
har yaron gidan waya ya haddace fuskata,
daga nesa yake girgiza mini kai.

Nusaiba ta ce, "Mama, biro naira ɗari ne,
kuma ba ya yi miki ɓarna a jaka."
Gaskiyarki, 'yar nan.
Sai dai biro ba ya jin ƙishirwa.
Wannan sai an ba shi ya sha,
sai an wanke masa baki da ruwan ɗumi,
ka danna shi da fushi, ya tsage maka da fushi.

Abin da ban faɗa mata ba:
goma daga cikinsu ba sa so na.
Ni bahaguwa ce.
Na dama jan alƙalami suke, ni turawa nake,
sai ya turje, ya karci takarda
kamar kaza tana tono a tsakar gida,
gefen hannuna ya biyo baya
yana shafe abin da na faɗa.
Tun aji biyu, tun rular Malam Tanimu,
yatsuna sun san ba da su aka yi lissafi ba.

Na sha ɗayan daban ne.

Baba Dalyop, mai gyaran agogo a Dilimi,
shagonsa bai fi tabarma biyu ba.
Ya miƙo mini bayan rasit, ya ce, "Sa sunanki."
Na sa. Ya ce, "Sake."
Bai dubi haruffan ba ko sau ɗaya,
wuyan hannuna yake kallo
kamar mai sayen doya yana duba gindi.

Mako shida.
Jikin, ƙahon sa ne daga kwata,
ya goge shi har ya yi launin zuma.
Zoben, guntun kuza da ubansa ya haƙo a Bukuru
ya ɓoye a gwangwanin taba shekara hamsin.
Bakin kuwa ya wasa shi a karkace,
ya kwantar da shi wajen hagu,
wajen da aka ce ba kyau.

Na juya shi, na ce, "Baba, lamba fa?"
Ya cire gilashin idonsa ya dube ni.
"Hannunki nawa ne a duniya?"

Hularsa ba ta zama daidai, sai an lallaɓa.
Yana ɗan yoyo in sanyi ya yi yawa,
na sha shiga ofis da yatsa shuɗi
kamar na kwana a marina.
Amma ranar da na fara ɗora shi a takarda
ban ji ƙara ba.
Tafiya kawai, kamar ƙafa a kan danshi.
Ina da shekara hamsin da uku
na ga sunana bai yi faɗa da kowa ba.

Goman nan, ina son su, ba zan ɓoye ba,
ina goge su, ina nuna wa baƙi.
Shi kuwa yana aljihun jaka tare da makulli.
Da shi nake rubuta cefanen Farin Gada:
dankali, kabeji, mudu biyu na acca.
Da shi na rubuta wannan.
Ɗigon da ke ƙasan shafin ma nasa ne,
na gan shi, na bar shi.