Tela a Aboabo, Kwana Tara Kafin Zaɓe

Tun tsayuwar wata kekena bai huta ba.
Da hantsi in ɗinka tutar waɗannan,
da la'asar in ɗinka ta waɗancan,
zare ɗaya, allura ɗaya.
Ƙyallen da ya faɗi ƙasa kuwa,
tsintsiya ba ta tambayarsa jam'iyya.

Ranar duba rajista na bi layi
a makarantar da na yi aji uku na gudu.
Wani yaro da biro a kunne ya ɗaga hannu:
"Tanimu Ɗangoro? Wannan sunan ba na nan ba ne.
Daga ina?"
Na dube shi, na dubi rigarsa.
Ni na kafa mata aljihu ran Talata,
ina bin maigidansa sidi takwas har yau.

Daga ina.
Kakana ya shigo Kumasi a bayan jakuna,
da kanwa ya zo, da goro ya so komawa,
wata mai dokunu ta kwance masa kaya.
Ubana, shekarar korar baƙi,
aka ɗora shi a gingimari da buta da tabarma,
ya sauka ƙasar da aka ce tasa ce,
ya rasa ƙofar da zai yi wa sallama.
Damina biyu, ya dawo ta daji da ƙafa.
Su biyun suna kwance a Tafo.
In ƙasar nan ba ta san mu ba,
wa take yi wa ajiyar ƙasusuwan?

Ban faɗa wa yaron ko ɗaya ba.
Tonanci na yi masa, irin na Kejetiya,
wanda ake ciniki da shi, ake zagi da shi.
Layi ya fashe da dariya, aka ce in wuce.
Dariyar ta raka ni gida,
ta zauna tsakanina da tuwo.

A rediyo ɗan takara ya yi suɓul da baka,
wai zango rumbu ne, ba gida ba,
sai yunwar ƙuri'a ta zo ake buɗe shi.
Washegari ba a fahimce shi ba ne.
Ga shinkafa buhu arba'in,
ga shi da hularmu a ka, a karkace.
Abokin karawarsa ya hau dandamali yana kuka dominmu,
alhali kwatar da ke bayan shagona
ta haddace alkawarinsa tun zaɓe uku.

To, laifi tudu ne, bari in sauka daga nawa.
A teburin shayin Gariba
Alhaji Mumuni ya kurɓa ya ce,
"Batone ba zai so mu ba, ko da ya yi salla."
Aka gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa.
Na mance Mame Dufiye,
wadda ta karɓi haihuwar 'yata
daren da ruwa ya cinye hanyar asibiti.
Na mance jikana, Kwabena Sallau.
Wane rabinsa zan tsayar a bakin ƙofa
in ce ya kawo takarda?

Jiya ya tsoma yatsa a bulun wanki,
ya dangwala mini a goshi, wai ni ya zaɓa.
Sai ya ce, "Kaka, mu 'yan ina ne?"
Allura uku na bakina, ban amsa ba.
Ya gaji da jira, ya durƙusa,
yana tsince ƙyallayen ƙarƙashin keke,
ja da kore da shuɗi da fari,
wai in haɗa masa hula.

Na haɗa. Ta yi masa yawa kaɗan.

Ran Asabar zan fita bayan asuba
da babban yatsan da allura ta huhhuda shekara arba'in,
har na'urarsu ke wahalar gane shi.
In ta ƙi, in goge a riga in sake ɗorawa.
Ba inda za ni.
Da sauran ɗinki a shago.