Buhun da Firmin Ya Bari

Shekara arba'in da ɗaya
ina yaƙi da wannan launi.
Firmin zai dawo daga ramin haƙa a bayan Roussillon,
gira ja, wuyan riga ja,
har tsagar tafin hannunsa ja.
In dirje, in ɗauraye, in matse,
ruwan wanki ya gangara lungu
kamar an yi yanka a ƙofarmu.
Duk shekara sai na shafe bango da farar ƙasa,
in ce masa: tsaya nan bakin ƙofa,
kada ka jingina.
Ya yi dariya, ya jingina.

Watansa bakwai a ƙasa
na tsinci buhun ƙarƙashin matakala,
bakinsa ɗaure da igiyar takalmi,
irin ƙullin nan nasa da sai an sa haƙori.
Gari ne, ya fi na alkama laushi,
ja mai duhu, jan hanta,
jan garwashin da ya fara gajiya.

Clovis ya bugo waya daga Lyon.
Mama, farin bango masu saye suke so,
ja zai cinye hasken ɗakin,
zai matse shi.
Na ce to.
Na ajiye wayar, na ɗauko bokiti.

Ghislaine ta riƙe mini tsani
tana mita a kan ƙugunta, tana mita a kan nawa.
Na dama garin da ruwa da farar ƙasa kaɗan
da muciyar da nake juya miya.
Shafin farko ya ba ni kunya,
dabbare-dabbare, kamar tumatirin da aka tsinka da wuri.
Ghislaine ta ce, Odile, kin ɓata ɗaki.
Muka ci burodi da zaitun a tsaye
muna jiran ya sha iska.
Na biyu ya fara kama jikinsa.
Na uku ni kaɗai na yi, ranar Litinin,
burushin yana zubar da gashi,
ina tsince su ɗaya-ɗaya da farce.

Clovis bai yi ƙarya ba,
ɗakin ya matso.
Kabad ɗin kwanuka ya yi baƙi,
farantan uwata suka yi fari tas kamar haƙoran yaro.
Da la'asar rana ta shigo ta tagar yamma
ta zauna a bangon, ta ƙi tashi,
har sai da aka kaɗa ƙararrawar coci.

Akwai wani wuri dab da ƙofa,
daidai tsayin kafaɗarsa,
inda tabon yake ɓullowa kowane damina
komai kaurin farin da na labta masa.
Daren jiya na ɗauki fitila na neme shi.
Na shafa, na ƙara shafawa.
Ban gane inda yake ba.
Ya bi sauran bangon.

Sai na jingina, don ƙafata ta gaji.
Ashe bai gama bushewa ba.
Farar rigata ta zuwa coci
ta ɗauko shi daga kafaɗa har gwiwar hannu.

Tana nan rataye a ƙusa bayan ƙofa.
Gobe Laraba, ranar wanki.
Na ware zannuwan gado, na ware tawul,
na ƙirga sabulu.
Ita ban sauko da ita ba.