Wata Huɗu da Kwana Tara

Fam ɗari biyu da talatin na ƙirga masa
a wani shago a Hull, bayan tashar bas,
mai sunan Pennock a saman ƙofa.
Gwanjo ce, ya ce, amma an yi mata wanka,
an sa sabon batir, an share cikinta tas.
Na ce Allah ya sa albarka.
Ya ce me? Na ce na gode.

Wata huɗu da kwana tara muna tare.
Ita ce ajina a kan teburin cin abinci,
ta cikinta Hansatu ke leƙo ni daga Gusau
tana ɗaga mini yaron da bai san ƙamshina ba.
Ranar Laraba, babi na uku na kundina a buɗe,
wani koren zare ya tsaga allon daga sama,
fanka ta yi gurnani kamar injin markaɗe,
sai duhu.

Ban yar da ita ba.
Ko shayi bai taɓa ɗiga mata ba.

Pennock ya juya ta, ya shinshina, ya turo mini.
Garantinmu wata uku ne, aboki, ka makara.
Na fito ina ba shi haƙuri. Ni!
Haka aka raine ni: in ciniki ya faɗa ya faɗa,
araha ba ta ado, a bar wa Allah.

Da daddare a gidan tsofaffi inda nake kwanan aiki
ina gyara wa Doreen matashi,
Doreen da ke kirana da sunan ƙanenta
wanda teku ta riƙe tun tana budurwa,
ta ce, yau fuskarka ta haɗa hadari.
Na ba ta labari don dai in sauke.
Sai ta miƙe zaune.
Shekara talatin ta yi a teburin ƙorafi na wani kanti.
Ba ta tuna abin da ta ci da rana,
amma wannan bai goge ba:

Garanti kyautar mai shago ce, yaro,
doka kuwa ba daga aljihunsa ta fito ba.
Sabuwa ko tsohuwa, tunda ya karɓi kuɗinka
dole ta yi aikin da ya ce za ta yi.
Kafin wata shida shi zai nuna
ba da ciwonta ya sayar maka da ita ba.
Ya gyara ko ya canja.
In ta sake kwantawa, nemi kuɗinka.
Rubuta masa. Maganar baki iska ce.
Sa kwanan wata. Ina rasit?

Rasit yana cikin fasfo,
inda nake ajiye duk abin da nake tsoron rasawa.

Ƙarfe huɗu na asuba na rubuta a waya,
sau uku ina goge "don Allah" yana dawowa.
Na bar guda ɗaya.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Pennock ya karanta sau biyu, kunnensa ya yi ja.
Wa ya gaya maka wannan?
Na ce wata yayata ce.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a hannunsa.
Ya miƙo ta ba tare da ya dube ni ba,
ban biya ko sisi ba.
Babi na uku ya dawo da giɓin shafi tara;
su doka ba ta san inda suka shiga ba.

Na kai wa Doreen albishir da lemo biyu.
Ta dube ni, ta dubi lemon.
Wace kwamfuta? ta ce.
Jirgin naku ya shigo?

Na ce ya shigo.
Na ja mata bargo, na rufe taga.