Na Arba'in da Bakwai

Adiza ta turo takarda ta waya.
Rukayya ta karanta mini a bakin shago, a Alabar,
tana juya Turancin kalma-kalma
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Wai Munkaila ne na arba'in da bakwai.
Na ce, cikin nawa?
Ta ce ɗari biyu da 'yan kai.
Na ce, wa ya ƙirga?

Wasu mutane ne, in ji ta, da rigunan sanyi da littafi,
suna zama can sama, inda numfashi ke zama hayaƙi,
suna kallon yara na gudu a kan ƙanƙara,
wuƙa a ƙarƙashin kowane takalmi,
sanda mai lanƙwasa a hannu,
ana korar wani baƙin abu kamar murfin gwangwani.
Watan gobe ƙungiyoyi za su zauna su zaɓa,
ɗaya bayan ɗaya, kamar rabon watanda.

Ƙanƙarar da na sani
ita ce ta Mma Lariba, cikin buhu da garin katako,
wadda in an ɗauke wuta kwana biyu
sai ta koma ruwa da bashi.
Ban san ana gina suna a kanta ba.

Ci gaba, na ce.
"Yana da sauri. Yana ganin hanya kafin ta buɗe.
Kafaɗarsa ba ta cika ba.
In an matse shi da bango, yakan saki.
Ba ya son bugawa da kansa, ya fi son miƙa wa wani."
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Wannan na ƙarshen ai gadon gida ne:
kakarsa ta rasu ba ta taɓa ɗaukar tsokar farko ba.

Amma ban zage su ba. Aikinmu ɗaya.
Shekara hamsin ina zaɓen goro a garin nan,
goriya nan, marsa nan, minu can gefe,
yatsa na yanke hukunci kafin ido ya gama gani.
Na sha ɗaga goriya fara sol, mai sheƙi,
a kai ta har Kano, a fasa, a tarar da sankara.
Na sha wurga ɗan minu a kwandon baya,
ya shekara cikin ganye, ya zama daushe,
ya fi na gaba tsada.
Yau kaɗai mai zaɓe ke taɓawa.
Gobe tana cikin huhu, a ɗaure.

Duk da haka, in faɗi gaskiya,
bayan lisha na sa Rukayya ta karanto mini
arba'in da shidan da ke gabansa.
Sunaye masu wuyar tauna.
Na ji haushin na goma sha biyu, ban san dalili ba.
Na tara kuwa, an ce gwiwarsa ta taɓa gocewa,
sai na ji wani ɗan daɗi ya taso mini.
Na yi istigfari. Na tashi na sake alwala.

Sau ɗaya yaron ya zo Kumasi, yana ɗan shekara bakwai.
Zafi da sauron Aboabo suka hana shi barci.
Da safe ya zauna gefena,
ya zaro goro ɗaya daga tarin minu,
ya ce, "Kaka, wannan me ya yi?"
Na ce bai yi komai ba, ƙarami ne kawai.
Ya sa shi cikin goriya, ya dube ni.
Ban cire ba.
Haka na ɗaure huhun, haka aka loda shi a mota,
kuma har yau ba wanda ya kawo ƙara.

Jiya ya kira.
Hausarsa na santsi kamar filin nasa.
Ya ce, "Kaka, ka ji lambata?"
Na ce na ji. Ka ci abinci?
Ya ce ya ci.
Na ce, ƙara.
An ce kafaɗarka ba ta cika ba.