Raga Mai Ƙulli Dubu

Ƙarfe biyun dare a Valdivia,
ruwan sama bai ɗauke ba tun Talata.
An kawo mini kakin Baldomero a kwalba,
tsohon masunci, gado na tara,
ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa.

Na shafa a gilashi, na gifta ta kan wuta.
Shunayya tukuna, sai aidin,
sai sifirit, ɗigo-ɗigo, ina ƙirge.
Wanki ne ke tona asirin rini.

Mai kaurin bango ya riƙe shuninsa gam.
Mai sirara kan sake, ya koma ruwan hoda,
shi ne mai rigar maiƙo a waje,
riga mai dafi, mai hana magani shiga.
Na sa ido a madubi:
ga su bibbiyu, shunayya, kamar tagwaye a zane ɗaya.

Baldomero, da za ka leƙo,
da ka gane aikin hannu.
Abin da muke kira bango, raga ce.
Sukari iri biyu, wannan bin wannan, wannan bin wannan,
su ne dogayen igiyoyi.
Gajerun zaren amino asid ke ɗaure su a gicce,
ƙulli kan ƙulli, hawa kan hawa,
har ta zama jaka guda marar baki.
Ciki a cike yake tim, yana turowa.
Raga ce kawai ke cewa: tsaya.

Penisilin ba ya sara, ba ya suka.
Hannun mai ƙulli yake kamawa.
Ƙwaya ta ci gaba da girma, ba ta sani ba,
saƙa ta saki,
ruwa ya shige ta, ta fashe.
Mu kuwa, da ba mu da irin wannan bango,
sai ya wuce mu bai ce uffan ba.

Na buga waya sama, na faɗi abin da na gani.

A baranda na tarar da ’yarsa Nélida,
rigar ruwanta na ɗiga, tana warin kifi da gishiri,
tana share ido da bayan hannu.
Na so in ce mata: cikin hawayen nan
akwai almakashi mai yanke igiyar sukarin.
Ban faɗa ba.
Na miƙa mata shayi,
yatsuna duk shuni.